Ta Bi Miji Ƙetare, Dangi Na Jira a Filifin: Wa Zai Sassauta?

Duk 'yar Filifin da ta auri ɗan wata ƙasa, ranar da ta tashi bin mijinta don zama a can, jami'an shige da fice na filin jirgin Manila ba sa barin ta wuce sai ta nuna shaidar cewa ta zauna an yi mata nasiha. Hukumar kula da 'yan ƙasar mazauna ƙetare, wadda aka kafa a 1980, aka fi saninta da CFO, ita ke shirya zaman. A nan ake bayyana mata dokokin ƙasar da za ta, da haƙƙin da take da shi, da inda za ta kai kuka in zama ya yi tsami. Daga 1989 zuwa yau waɗanda suka bi ta wannan ƙofa sun haura rabin miliyan, kuma cikin kowane goma kusan tara mata ne. Amurka ce ta fi kwasa, sai Japan, sannan irin su Ostareliya, Kanada, Jamus da Koriya ta Kudu. Angon kuwa, a mafi yawan waɗannan ƙasashe, babu mai zaunar da shi ya gaya masa komai. Koriya ta Kudu ce ta ga giɓin, tun 2011 ta wajabta wa masu ɗauko mata daga wasu ƙasashe, har da Filifin, su ma su halarci irin wannan darasi kafin a ba matar biza.

Watannin farko na irin wannan aure kusan kamanninsu ɗaya ne. Ga sanyin da ba ta taɓa sani ba, ga unguwar da ba a jin motsin kowa da rana, ga miji da ke ganin shinkafa sau uku a yini abin mamaki ne. In ta soya busasshen kifin da ta saba karyawa da shi, alhali tagogi a rufe saboda hunturu, ƙamshin da ke tuna mata da mahaifiyarta shi ne warin da ke korar mijin waje, ya kuma kama labule har kwana biyu. Waɗannan duk suna wucewa. Ana sayen murhun waje, ana samun kantin 'yan Asiya, jiki kan saba da sanyi. Abin da ba ya wucewa da kansa shi ne zancen kuɗin da take aikawa gida, da kuma rabin hankalinta da ke can tare da danginta. A kan wannan ne ake ja-in-ja, kuma kowane ɓangare yana da maganar da ta cancanci a saurara.

Masu cewa ita ya kamata ta sassauta ba duka ne marowata ba. Hujjarsu ta farko lissafi ne. A 2024 mafi ƙarancin albashin yini a birnin Manila peso 645 ne, kimanin dala 11, kuma a larduna bai kai haka ba. Mai aikin kanti a jihohi da dama na Amurka takan samu fiye da wannan cikin awa ɗaya. Wanda ke ƙauye a tsibirin Samar ko Negros, da ya ji wannan, sai ya ɗauka 'yar'uwarsa ta shiga daula. Ba ya ganin kuɗin haya, da inshorar lafiya, da inshorar mota, da bashin gida na shekara talatin, waɗanda kan lashe albashin tun kafin ya kwana. Mijin kansa sau da yawa talaka ne a ma'aunin ƙasarsu: direban babbar mota, ko manomi, ko ɗan fansho. Buƙata kuma ba ta zuwa sau ɗaya. Yau kuɗin makarantar ƙane, gobe rufin da guguwa ta yaye, jibi jarin ɗan kanti da ya karye, sannan bikin waliyyin gari da ba a so a ji kunya. Ma'aurata na tara abin da za su yi wa 'ya'yansu tanadi, saƙo ɗaya sai ya kwashe. Masu wannan ra'ayi sukan ƙara da cewa kuɗin kan lalata masu karɓa, domin akwai ƙato mai lafiya da ya daina neman aiki tun da yayarsa ta tafi. Su kansu 'yan Filifin suna faɗin haka a tsakaninsu, ba baƙi kaɗai ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ban cika jin ana ba ta amsa mai gamsarwa ba. Tsarin mulkin Filifin na 1987 bai yarda baƙo ya mallaki ƙasa ba. In ma'aurata suka sayi fili suka gina gida a garin matar, takardar da sunanta za ta fito. Mijin zai iya zuba tanadin shekara ashirin a ginin da surukansa ke zaune ciki, kuma in auren ya mutu ba shi da ikon cewa taƙi ɗaya nasa ne. Mutumin da ya yi ɗari-ɗari da wannan ba mugu ba ne.

Sai zancen waya. Tsakanin Manila da New York awa 12 ne da bazara, 13 da hunturu. Lokacin da miji ya dawo aiki yana son hira, lokacin ne gari ke wayewa a can, 'yan'uwa ke kira. Sai ka ga mace ta shekara uku a gari ba ta san sunan maƙwabciyarta ba, amma ta san abin da aka dafa jiya a gidan kawunta. A Japan da Koriya, inda Ingilishin da ta iya ba ya yi mata amfani, wannan kan jinkirta koyon harshe, har yaranta su girma ba ta iya karanta takardar da aka aiko daga makarantarsu. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin Jasmine Lee, 'yar Filifin da ta auri ɗan Koriya a 1995, ta zauna cikin danginsa, ta laƙanci harshensu, har a 2012 ta zama mutum na farko da ya shiga majalisar dokokin ƙasar bayan samun shaidar zama ɗan ƙasa daga baya. Suna cewa da ta riƙe rabin zuciyarta a garinsu Davao, da ba ta kai nan ba.

To, ga abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata.

Kuɗin da ake aikawa Filifin ba kyautar nuna isa ba ce, shi ne ginshiƙin gidaje masu yawan gaske. Babban bankin ƙasar ya ce a 2023 abin da 'yan ƙasar suka turo daga waje ya kai dala biliyan 37.2, wajen kashi 8.5 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa. Tun dokar ƙwadago ta 1974, zamanin Ferdinand Marcos, gwamnati ta mai da fitar da ma'aikata siyasarta. Dattawanmu da suka yi sakandare a Arewa a ƙarshen shekarun 1970 ba su manta da malaman Filifin da suka koyar da su lissafi da kimiyya ba. Daga wannan siyasar suka fito. Yarinyar da ta tashi a irin wannan ƙasa tana ganin gidan bulo na maƙwabta an gina shi da kuɗin Riyadh ko Hong Kong. Ta san duk wanda ya fita, fitarsa ta dangi ce.

Dalilin kuma a fili yake. Duk da dokar kiwon lafiya ga kowa da aka sa wa hannu a 2019, fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun iyali yake fita. Fanshon tsofaffi bai taka kara ya karya ba. Guguwa kimanin ashirin ke shiga yankin ƙasar kowace shekara, kuma ta Haiyan kaɗai, a Nuwamban 2013, ta kashe sama da mutum 6,000 ta kuma baje birnin Tacloban. Mijin da ya girma a Jamus ko Kanada ya saba hukuma ce ke ɗaukar nauyin tsohuwa in ta kwanta. A can 'ya'ya ne hukumar. Doka ma haka ta ce: tsarin mulkin ƙasar ya ɗora wa iyali kula da tsofaffinsu, dokar iyali kuma ta wajabta ciyarwa tsakanin iyaye da 'ya'ya, har tsakanin 'yan'uwa. Saboda haka ranar da saƙo ya shigo da tsakar dare, "Ate, an kwantar da Nanay", wato Yaya, an kwantar da Inna, ba shawara ake nema ba. Asibiti na jira a biya, kuma duk zuri'ar ita kaɗai ke da hanyar dala. Mijin da ya ce mata a wannan daren su tsaya su duba kasafin wata, ya faɗi abin da ba za ta manta ba har ta mutu.

Sau da yawa ma bashi take biya. Digirin jinya ko na koyarwa da ya sa mijin ya ga ta dace da shi, wani ne ya biya: uba ya jinginar da gona, ko yaya ta bar makaranta ta tafi aikatau. Ya auri mace mai ilimi da tarbiyya, sannan yana so ya yi kamar daga sama ta faɗo.

A duba yadda take cika akwatin nan da suke kira balikbayan. Babban kwali ne da ake ajiyewa a kusurwar ɗaki wata da watanni. Duk sanda aka yi rangwame a kanti sai ta sayo abu ɗaya ta jefa: man goge baki, gwangwanin nama, cakulan, tawul, takalmin da ta auna da zanen ƙafar ɗan ƙanenta da aka turo mata. Takan cusa safa cikin takalman don kada wuri ya tafi a banza, ta rubuta sunan kowa a kan nasa, ta naɗe kwalin da salatif har ya yi ƙyalli, a sa shi a jirgin ruwa ya yi wata ɗaya ko biyu a hanya don ya isa kafin Kirsimeti. Dokar kwastan ta 2016 ta yafe haraji a kan irin wannan kaya har na peso 150,000 a shekara, don gwamnati ta san matsayinsa. Miji na iya ganin ɓarnar kuɗi ce a aika man goge baki zuwa ƙasar da ake sayar da shi. Ita kuwa wannan kwali ne kaɗai hannunta da ke iya taɓa mutanenta.

Sannan a tambaya: cikin su biyun wa ya riga ya sassauta? Ita ta bar harshenta, da abincinta, da cocin unguwarsu, da ƙawayenta, da aikinta. A ƙasar Hausa ko unguwa aka canja wa amarya, sai an haɗa ta da 'yan rakiya, a bar mata ƙanwa ko wata tsohuwa ta ɗebe mata kewa, ga gidan iyaye in abu ya yi zafi. Wannan ta tsallaka teku ita kaɗai da akwati biyu. A Amurka, in da bizar K-1 ta masu baiko ta shiga, wadda 'yan Filifin suka daɗe suna kan gaba wajen karɓa, dole a ɗaura aure cikin kwana 90, sannan ta zauna watanni tana jiran izinin aiki, ba albashi, sau da yawa ba lasisin tuƙi, a unguwar da ba a zuwa ko'ina sai da mota. Ma'aikaciyar jinya sai ta sake jarrabawa kafin a yarda da ita. Malamar makaranta takan koma wankin tsofaffi. Shi kuwa yana gidansa, da aikinsa, da abokansa, da harshen uwarsa. Wayar da ake zargi ita ce ke hana wannan mace zaucewa a shekarar farko.

A ƙauyukan Japan abin ya fi fitowa fili. A 1985 hukumar garin Asahi a lardin Yamagata ta shiga tsakani aka samo wa manoman da suka rasa matan aure amare daga Filifin, wasu garuruwa suka bi sahu. Abin da ake so daga amaryar sananne ne: ta haifi magaji, ta yi aikin gona, ta yi jinyar iyayen miji in sun tsufa. Ƙarfinta da shekarunta sun halatta ga tsofaffin gidan miji, amma ɗan abin da za ta aika wa tsofaffin da suka haife ta ya zama abin gori. Ban ga ta inda za a kare wannan ba.

Akwai kuma abin da masu lissafi ba sa son a taɓo, wato iko. Katin zama da Amurka ke ba sabuwar matar aure na sharaɗi ne, na shekara biyu, kuma a ƙa'ida tare da miji za ta nemi a cire sharaɗin. Ostareliya ma sai an yi zaman jira kafin a ba da na dindindin. Ma'ana, a shekarun da ake gardamar kuɗi, takardar zamanta na hannun wanda take gardama da shi. Komawa gida ma ba sauƙi: ban da fadar Vatican, Filifin ce kaɗai ƙasar da ba ta da dokar saki ga kowa, sai dai Musulmin ƙasar da dokar 1977 ta ba su nasu tsarin. Sai a 2018 kotun ƙoli, a shari'ar Manalo, ta amince cewa 'yar ƙasar da ita ta nemi saki daga mijinta baƙo a waje za a iya karɓar sakin a gida, shi ma sai an bi ta kotu. Wannan rauni ya taɓa cin rai. A Maris na 1995, cikin ginin kotu a Seattle, Timothy Blackwell ya harbe matarsa Susana, tana da tsohon ciki, tare da ƙawayenta biyu da suka rako ta. Irin wannan kisa na cikin abin da ya sa Amurka ta yi dokar 2005 da ta tilasta a sanar da mace tarihin laifukan mai nemanta kafin ta taso. Filifin kuwa tun 1990 ta haramta dillancin amare, ta ƙara tsaurara dokar a 2016. Ba ina cewa yawancin mazan haka suke ba. Masaniyar halayyar al'umma Nicole Constable, a littafinta na 2003, ta nuna yadda ake zaluntar waɗannan ma'aurata da kallon mai saye da abin sayarwa, alhali da yawansu soyayya ce ta haɗa su kuma matan da idonsu buɗe suka zaɓa. Amma ko a gidan da ake ƙaunar juna, "a'a" ta mai riƙe da takarda ba ɗaya take da "a'a" ta wadda ke jiran takarda ba.

Misalin Jasmine Lee ma bai tsaya inda aka tsayar da shi ba. Bayan duk abin da ta yi na zama 'yar Koriya, da aka zaɓe ta sai da ta sha zagin wariyar launin fata a intanet. Sassautawar baƙuwa ita kaɗai ba ta sa a karɓe ta.

Ni a ganina, nauyin sassautawa ya fi hawa kan wanda bai bar gidansu ba, domin shi ke da sarari. Namijin da ya je neman aure Filifin ya ga gidan, ya ga mutum goma a kan tabarma ɗaya, ya ci abincinsu, an kira shi ɗa. Bai kamata bayan shekara ɗaya ya yi mamakin cewa suna nan da ransu ba. In ba zai iya ɗaukar mace da iyayenta ba, tun kafin a kai ga biza ya kamata ya faɗa.

Sai dai ban yarda a ce duk abin da dangi suka nema dole ne ba, kuma tsoron mijin game da tanadi da fili tsoro ne na gaskiya. Jinyar uwa daban, kuɗin sabuwar waya ga ƙanen da ya ƙi aiki daban. Gidajen da suka zauna lafiya, akasari abu ɗaya suka yi: sun yanke adadi sananne da za a aika duk wata, sun ware wani abu don lalurar asibiti da guguwa, sun miƙa kuɗin ga mutum ɗaya amintacce, kuɗin makaranta kuma a biya makarantar kai tsaye. Abin da ya wuce haka sai an zauna an yi shawara. Iyakar kuma ita za ta faɗa wa danginta da bakinta, ta gaya musu gaskiyar abin da haya da haraji ke ci, ta daina turo hoton da ke sa a zaci tana kwana kan dala. In miji ne ya ja layin, ya zama baƙon da ya raba 'ya da iyayenta. Wannan magana tana da wuya ga macen da aka tarbiyyantar a kan jin kunyar cewa babu, amma aurenta da 'ya'yanta su ma haƙƙi ne a wuyanta. Aikawa a ɓoye daga ɓangarenta kuwa, ko hanawa a ɓoye daga ɓangarensa, ita ke kashe auren tun kafin kuɗin su ƙare.

Abin da ya fi kome kwance wannan ƙulli shi ne matar ta samu abin hannunta. Ranar da ta karɓi albashinta na farko, ta aika daga guminta, rabin gardamar ta mutu, domin ba ta roƙo, shi kuma ba ya jin ana tatsarsa. Don haka mijin da ke son zaman lafiya, maimakon ƙirga mintocin da take yi a waya, ya kai ta ajin koyon harshe, ya koya mata tuƙi, ya biya kuɗin jarrabawar da za ta maido mata da sana'arta, ya kai ta inda 'yan ƙasarsu ke taruwa ran Lahadi ko da shi ba ya shiga, ya bar fasfonta da takardunta a hannunta. Wanda ya hana ta waɗannan, sannan ya dawo yana kukan ta ƙi sakin jiki da ƙasarsa, shi ne mai laifi.